Waiwaye: Tun Hinault na kan keke aka fara ƙwace wa Faransa gasarta

Duk watan Yuli, da zarar gasar tseren keke ta Tour de France ta doshi ƙarshe a birnin Faris, jaridu da gidajen rediyon Faransa sukan koma kan tambayar da suka gaji da yi: yaushe ne Bafaranshe zai sake lashe gasar ƙasarsa? A 2025 aka cika shekara 40 cif da nasarar Bernard Hinault ta 1985, wadda babu namijin Bafaranshe da ya maimaita ta a tsawon wannan lokaci, kuma a shekarar Tadej Pogačar na Sulobeniya ne ya ɗauki kofin karo na huɗu, yayin da Kévin Vauquelin, wanda ya fi sauran Faransawa ƙoƙari, ya ƙare a na bakwai. Nasarar da Pauline Ferrand-Prévot ta samu a gasar mata bayan mako guda ta faranta wa jama'a rai, amma ta ƙara tayar da maganar maza.

Masu muhawarar sun kasu. Wasu suna cewa ƙungiyoyin Faransa ba su da kuɗin da za su yi gogayya da na ƙetare, wasu suna danganta abin da badaƙalar shan ƙwayoyin ƙara kuzari da ta ɓarke a gasar 1998, wasu kuma suna ganin yawan kiran kowane yaro mai hazaƙa da sunan magajin Hinault ne yake karya matasa tun ba su nuna ba. Kowanne daga cikin dalilan nan yana da ƙamshin gaskiya, sai dai dukkansu suna ɗauka cewa Hinault ya bar gida lafiya ne a 1986, daga baya abubuwa suka lalace. A ganina, an fara jin tsagewar bangon tun yana tsakiyar ganiyarsa.

Tarihin mutumin sananne ne. An haife shi a Yffiniac da ke yankin Bretagne a 1954, aka yi masa laƙabi da le Blaireau, sunan wata dabba mai kama da dage wadda ba ta sakin abin da ta kama. Ya ci Tour de France a 1978, 1979, 1981, 1982 da 1985, ya ci Giro ta Italiya sau uku da Vuelta ta Sifaniya sau biyu, ya zama zakaran duniya a Sallanches a 1980, kuma ya lashe zango 28 a gasar ƙasarsa. A tseren Liège na 1980, cikin dusar ƙanƙarar da ta sa mafi yawan 'yan tsere suka sauka daga kekunansu, ya ba na biyu ratar fiye da minti tara. Da nasararsa ta biyar, Faransa ta cika kofi 36 cikin gasa 72 da aka yi tun 1903, wato rabi daidai. Sauran rabin kuwa ƙasashe shida ne suka raba, duk maƙwabtan juna a yammacin Turai: Beljiyam, Italiya, Lukzambur, Suwizalan, Sifaniya da Holan.

Wannan lissafi shi ne ake yawan tsallakewa. Gasar da Hinault ya tarar taron unguwa ce idan aka kwatanta da ta yau, kuma ƙofarta ta fara buɗewa ne a farkon shekarun 1980. A 1981 Phil Anderson na Ostireliya ya zama mutum na farko daga wajen Turai da ya sa riga mai ruwan ɗorawa, wadda jagoran gasa ke sawa. A 1983 aka ba 'yan dagaji, wato waɗanda ba su da rajistar ƙwararru, damar shiga, da fatan ƙasashen gabashin Turai za su turo nasu. Ba su zo ba. Kwalambiya ce kaɗai ta amsa gayyatar, ta turo samari goma da suka girma a tsaunukan Andes, waɗanda suka sha wuya a shimfiɗaɗɗun hanyoyi, amma da aka isa hawa sai aka ga suna wuce manyan Turai. Hinault bai shiga gasar shekarar ba saboda ciwon gwiwa da ya kai shi ga tiyata, kuma abokin ƙungiyarsa a Renault, Laurent Fignon, matashin Bafaranshe ɗan shekara 22 mai sa tabarau, shi ya ci.

Daga nan Hinault ya bar Renault ya koma sabuwar ƙungiyar La Vie Claire, aka shiga 1984 duk Faransa na jiran karon tsohon sarki da sabo. A watan Yuni, a tseren Dauphiné da ake ɗauka a matsayin gwajin ƙarshe kafin babbar gasa, wani ɗan Kwalambiya mai suna Martín Ramírez ya doke Hinault, Greg LeMond na Amurka ya zo na uku. An yi maganar na ɗan lokaci, aka danganta abin da cewa Hinault bai gama murmurewa ba, aka wuce wurin.

Ranar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce 16 ga Yuli 1984, zango na 17, daga Grenoble zuwa saman tsaunin Alpe d'Huez, inda hanya ke yin kwana 21 cikin hawan kusan kilomita 14. Hinault, wanda ya san cewa Fignon ya fi shi ƙarfi a wannan shekara, ya zaɓi ya yi abin da ya saba, wato kai farmaki. Ya yi ta yunƙurin ɓallewa a hawan Laffrey, Fignon na kamo shi kowane lokaci, sa'an nan ya sake ficewa shi kaɗai a shimfiɗar da ke kaiwa gindin tsaunin, wurin da iska ke cinye ƙarfin mutum ɗaya kafin ya fara hawa. Da aka shiga kwanonin tsaunin ƙarfinsa ya ƙare, aka wuce shi, ya iso da jinkirin fiye da minti uku. Fignon ya karɓi rigar jagora a ranar, kuma da aka tambaye shi game da farmakin Hinault, ya ce abin dariya ya ba shi, maganar da Faransawa suka daɗe suna tattaunawa a kanta.

Sai dai ba Fignon ne ya ci zangon ba. Wanda ya fara isa saman tsaunin, da ratar daƙiƙa 49, shi ne Luis Herrera, siririn saurayi ɗan shekara 23 daga garin Fusagasugá, wanda mutanen ƙasarsa ke kira ɗan lambu saboda aikin da ya taso yana yi. Shi ne ɗan Kwalambiya na farko da ya ci zango a Tour de France, kuma ɗan dagaji na farko da ya yi hakan. Masu sharhin rediyon ƙasarsa suna ta ihu ta waya zuwa Bogota, mutane can suka fito tituna, alhali a Faransa labarin ranar shi ne wane ne tsakanin 'ya'yanta biyu ya durƙusar da ɗan'uwansa. Ba za a ga laifinsu ba, domin Fignon ya ƙarasa gasar da ratar minti 10 da daƙiƙa 32 a kan Hinault, kuma wa zai damu da baƙo ɗaya a shekarar da 'yan gida suka ɗauki na ɗaya da na biyu? Amma wanda ya karanta jerin sunayen zuwa ƙasa zai ga LeMond a na uku, Robert Millar na Sukotlan a na huɗu, Sean Kelly na Ailan a na biyar. A ƙarshen shekarar kuma LeMond ya sa hannu kan kwantiragin da aka ruwaito ya kai dala miliyan ɗaya a shekara uku, alamar cewa farashin gwani ya daina zama abin da ake tsaidawa a kasuwar gida.

Nasarar 1985, wadda ake tunawa da ita a matsayin ƙarshen zamanin alheri, ita ce ta fi rufe ido. Fignon bai shiga ba saboda tiyatar jijiyar dunduniya. Hinault ya faɗi a Saint-Étienne ya karya hanci, ya ci gaba da tuƙi idanunsa sun kumbura, ya kuma ci gasar da ratar minti ɗaya da daƙiƙa 42 a kan LeMond, wanda a lokacin abokin ƙungiyarsa ne. Jarumtaka ce ta gaske. Amma a cikin goman farko na shekarar, Hinault ne kaɗai Bafaranshe. Bayansa akwai Ba'amurke, 'yan Ailan biyu, ɗan Ostireliya, 'yan Sifaniya biyu, 'yan Kwalambiya biyu da ɗan Kanada. Mutum ɗaya ne yake riƙe da rumfar, kuma ya riga ya faɗi ranar da zai sauka.

Abin da ya biyo baya an faɗe shi sau da yawa. LeMond ya ci a 1986, Hinault ya zo na biyu, ya yi ritaya a watan Nuwamba yana ɗan shekara 32, ya koma noma a Bretagne. A 1989 Fignon ya shiga zangon ƙarshe, tseren agogo na kilomita 24.5 daga Versailles zuwa Faris, inda kowa ke tuƙi shi kaɗai ana auna lokacinsa, da ratar daƙiƙa 50, ya rasa kofin da daƙiƙa takwas a hannun LeMond, wanda ya zo da sabon ƙarfen ɗora hannu da hular da ke rage bugun iska. A wannan shekarar ce 'yan Tarayyar Sobiyet suka fara shiga sahun ƙwararru, sauran gabashin Turai suka biyo baya. A cikin Faransawa, Laurent Jalabert ya ci Vuelta a 1995, Jean-Christophe Péraud ya zo na biyu a Tour de France ta 2014, Romain Bardet ma haka a 2016, sa'an nan a 2019 Julian Alaphilippe ya riƙe rigar jagora kwana 14 kafin ta kuɓuce masa a tsaunukan Alps, ta faɗa hannun Egan Bernal, ɗan ƙasar su Herrera.

Daga 1986 zuwa 2025, ƙasashe takwas da ba su taɓa cin gasar ba sun ci: Amurka, Ailan, Denmak, Jamus, Ostireliya, Birtaniya, Kwalambiya da Sulobeniya. A 2024 Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango uku ya tafi da koriyar riga ta gwanin maki. Wasu daga cikin ƙasashen da suka raba kofuna da Faransa a da, su ma suna cikin jiran har zuwa 2025, sun ma riga ta shiga layi, domin Holan rabonta da kofin tun nasarar Joop Zoetemelk a 1980, shekarar da ciwon gwiwa ya fitar da Hinault daga gasar a garin Pau yana sanye da rigar jagora, Beljiyam kuma, ƙasar Eddy Merckx wanda shi ma ya ci gasar sau biyar, tun ta Lucien Van Impe a 1976.