Ladabin magana a harkar sayar da kaya

Ladabin magana a harkar sayar da kaya shi ne yadda mai shago ko ma'aikacin kanti yake tarbar mai saye da kalmomin da yake zaɓa, tun daga gaisuwa har sallama. Ya haɗa da sakin fuska, da barin mutum ya ƙare maganarsa, da miƙa kaya ko canji cikin mutunci.

Manyan kantunan Amurka da Ingila sun mayar da shi ƙa'idar aiki a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Maganar nan cewa mai saye kullum shi ke da gaskiya ana jingina ta ga 'yan kasuwa irin su Marshall Field da Harry Gordon Selfridge, wanda ya buɗe kantinsa a Landan a 1909. A Japan kuwa, akan koya wa sabon ma'aikaci harshen girmamawa da ake kira keigo, har da yadda ake rusunawa.

Gaisuwa ba ta da wuya. Inda ake gane mai ladabi shi ne lokacin da ciniki bai faɗa ba. Mace ta tambayi kaya, wani ya ce "babu" idonsa na kan waya, wani kuma ya ce "ya ƙare, amma bari in duba miki irinsa." Dukansu gaskiya suka faɗa, sai dai na farkon ya kori mai saye. Haka idan aka dawo da kaya: a fara da "yi haƙuri", a saurara, kafin a shiga batun wa ke da laifi. Wanda ya duba bai saya ba ma ya cancanci "mun gode", domin gobe ma rana ce.

Abin da ake ɗauka ladabi yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Kamfanin Walmart, mai manyan kantuna a Amurka, ya shiga Jamus a 1997 ya fita a 2006, kuma cikin abubuwan da aka soke shi a kai har da sa ma'aikata yi wa kowa murmushi, abin da masu saye da yawa suka ga bai dace da al'adarsu ba.

Wannan fara'a tana da nauyi a kan mai yin ta. Masaniyar zamantakewa Arlie Hochschild ta nuna a 1983 cewa danne ɓacin rai don faranta wa mai saye aiki ne mai gajiyarwa. A yau kantuna da dama suna liƙa sanarwa cewa ba za su lamunci cin mutuncin ma'aikatansu ba.