Shin doka ta yarda ƙasa ta hana fitar da abinci waje?

A ƙa'ida ba ta yarda ba. Sashe na 11 na yarjejeniyar GATT, wadda Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, ke aiki da ita, ya haramta wa mambobi hana fitar da kaya ko ƙayyade yawansu. Sai dai sashen da kansa ya bar ƙofa: ƙasar da ke fama da matsanancin ƙarancin abinci na iya hanawa na ɗan lokaci. Wata nawa? Ba a faɗa ba. Kuma gwamnatin da za ta hana ɗin ita ke fara cewa ƙarancin ya yi tsanani.

Sashe na 12 na Yarjejeniyar Noma ta WTO ya ƙara sharaɗi: a sanar da kwamitin noma na WTO a rubuce tun da wuri, a kuma duba halin da masu saye za su shiga. Wannan bai hau kan ƙasa mai tasowa ba, sai idan tana fitar da abincin fiye da yadda take shigo da shi. Harajin fitarwa kuwa, irin wanda Ajantina ke ɗora wa waken suya, sashe na 11 bai taɓa shi ba.

Hujjar gwamnatoci ba ta da wuyar fahimta. Idan hatsi ya tsaya a gida, farashi zai sauka, mutanen birni su sarara. Amma manomin da ya ci bashin taki shi zai sayar da araha, baɗi kuma ya rage gona. A waje abin ya fi muni, domin tsoro yaɗuwa yake yi. A 2007 Indiya ta taƙaita fitar da shinkafar da ba basmati ba, Biyetnam ma ta taƙaita tata, Filifin ta shiga saye a firgice. Kafin tsakiyar 2008 tan ɗaya ya kai dala 1,000, alhali shinkafar ba ta ƙare a duniya ba. Ƙasashe matalauta masu sayen abinci su suka ji a jikinsu.

Indonesiya ta gwada da manja a Afrilun 2022, ba a yi wata guda ba ta janye, bayan manomanta sun yi zanga-zanga. A ganina tallafa wa mabuƙata kai tsaye da tara hatsi a rumbun gwamnati sun fi, sai dai suna cin kuɗi, hani kuwa sa hannu ne kawai.

Ɗan gyaran da aka samu a Yunin 2022 aka yi shi a Janiba, inda mambobin WTO suka amince ba za su tare abincin da Hukumar Abinci ta Duniya, WFP, ta saya don agaji ba. Abincin 'yan kasuwa bai shiga ciki ba.