Sabon kuɗin Zimbabwe da farashin canjinsa: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Tun da Zimbabwe ta fito da kuɗinta na ZiG (Zimbabwe Gold, wato zinariyar Zimbabwe) tambayoyin ba su canza ba. Ga amsoshinsu wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Wa ke yanke farashin canji idan an fito da sabon kuɗi?

Babban bankin ƙasa. Gwamnan babban bankin Zimbabwe, John Mushayavanhu, shi ya sanar ranar 5 ga Afrilu, 2024, cewa dalar Amurka ɗaya ZiG 13.56 ce.

Daga ina suka samo wannan adadi?

Lissafi ne. A ranar, dala ɗaya ta kai wajen 33,900 na tsohon kuɗin a tsakanin bankuna. Aka duba farashin zinariya, aka ce duk 2,498.72 na tsohon kuɗi ya zama ZiG ɗaya. Raba 33,900 da 2,498.72 ka gani.

Ke nan kuɗinsu ya fi naira ƙarfi?

Haba! Wannan tambayar ce ta fi gajiyar da ni. Adadin ranar farko zaɓi ne, da sun ga dama da sun fara daga 5 ko daga 500. Ghana ta goge sifili huɗu daga sidi a 2007, ba wanda ya wayi gari ya ga shinkafarsa ta ƙaru a buhu. Abin dubawa shi ne ko farashin zai tsaya.

To ya tsaya?

A'a. Ranar 27 ga Satumba, 2024, bankin da kansa ya mayar da shi wajen 24.4 a kan dala.

Ba an ce zinariya ce ke bayansa ba?

An ce, kuma akwai ta a ajiye. Amma mai shigo da kaya dala yake nema. Ya je banki da ZiG ɗinsa a ce ya jira, ya fito bakin titi a ba shi nan take da tsada. Da wannan tsadar zai sa wa kayansa kuɗi. Ga kuma mutanen da suka riƙe takardar dalar Zimbabwe tiriliyan 100 a 2009, aka kuma ba su takardun kuɗi na "bond" a 2016 da alkawarin ɗaya daidai take da dalar Amurka ɗaya. Kada ku ga laifinsu in ba su yarda da sabon kuɗin ba. An kama 'yan canji a titunan Harare, an ci tarar shagunan da suka wuce farashin canji na gwamnati, amma kamu ba ya haifar da dala. Duk wanda ya ga ratar da ke tsakanin farashin banki da na 'yan canji a Najeriya kafin Yunin 2023 ya san wannan.

Ina bin wani bashi tun kafin a canza kuɗi. Da wane farashi zai biya ni?

Nan kam a yi a hankali, don amsar ba ɗaya ba ce. Da farko, da wane kuɗi aka rubuta bashin? In da tsohon kuɗin ƙasar ne, galibi dokar da ta kawo sabon kuɗin ita ce ke faɗin yadda za a juya shi, kuma farashin ranar juyi ake bi, ko da kuɗin ya zube daga baya. Asarar tana kanka, kuma da wuya kotu ta ji kukanka. In da dala aka rubuta, kana da ƙafar tsayawa, amma kada ka saki jiki. A 2019 gwamnatin Zimbabwe ta yi doka cewa basussukan cikin gida da ke da dalar Amurka sun koma kuɗin ƙasar, ɗaya da ɗaya, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a Janairun 2020 a shari'ar kamfanin Zambezi Gas. Masu bin bashi da yawa sun karɓi abin da bai kai kaso ɗaya cikin goma na haƙƙinsu ba. Basussukan waje an ware su daga wannan hukunci, don haka inda mai bashin yake da inda kuɗin suka fito suna iya canza komai. In kuwa ba rubutu, baki da baki kuka yi, to ku zauna da shaidunku ku sasanta, watakila a kan kimar kayan da aka karɓa. Ta fuskar shari'ar Musulunci ma malamai sun saɓa a kan bashi idan kuɗi ya faɗi warwas, sai ka kai wa malamin da ya san mu'amalat. Kwantar da hankalinka, ba lallai ka rasa duka ba. Amma ka nuna wa lauyan ƙasar takardarka kafin ka karɓi ko sisi, domin karɓar wani ɓangare na iya zama amincewa da farashin da aka ba ka.

In sayi ZiG in ajiye, ko zai tashi?

Kada ka soma. In ba a can kake sayayya ba, ba ka da inda za ka kashe shi.