Yaɗuwar Kiristanci a Daular Rum ta Dā

Kiristanci ya fara ne a matsayin ƙaramar ƙungiya cikin Yahudawan ƙasar Yahudiya, a zamanin da Bilatus Babunti yake gwamnan Rumawa a wurin, wato daga shekara ta 26 zuwa ta 36 Miladiyya. Littattafan Kirista da kuma masanin tarihin Rumawa Tasitus sun ce a ƙarƙashin mulkinsa aka zartar wa Yesu Banazare hukuncin kisa. Almajiransa suka yi shela cewa ya tashi daga matattu, kuma a kan wannan shela aka kafa ikilisiyar farko a Urushalima. Kafin ƙarni na huɗu ya ƙare, addinin ya zama na gwamnatin daular baki ɗaya.

Fita daga cikin Yahudawa

Muhawara ta farko a kan kaciya ta tashi. Shin wanda ba Bayahude ba, idan ya ba da gaskiya, dole ne a yi masa kaciya ya kuma kiyaye dokokin abinci na Attaura? A taron da aka yi a Urushalima wajen shekara ta 49 aka sassauta wannan sharaɗi, sai ƙofa ta buɗe wa Girkawa da Rumawa. A Antakiya aka fara kiran mabiyan da suna Kiristoci.

Manzo Bulus ya bi manyan hanyoyin daular da tasoshin jiragen ruwa: Afisa, Filibi, Tasalonika, Koranti. Idan ya shiga gari yakan fara da majami'ar Yahudawa, inda ake karanta littattafan annabawa da harshen Girka, harshen kasuwa a duk gabashin daular. Idan aka ƙi shi a nan, sai ya koma gidan wani wanda ya karɓi saƙon. Da maigida ko uwargida ta yi baftisma, iyali da bayi sukan biyo baya, gidan kuma ya zama wurin sujada. An tono irin wannan gida a Dura-Yurofos da ke Siriya, wanda aka mayar wurin ibada kafin shekara ta 256: an rushe bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu don a sami zaure, an kuma keɓe wani ɗaki mai kwamin baftisma.

Hukuma da tsanantawa

Rumawa ba su damu da abin da mutum ya ƙudurce a zuciya ba. Abin da suke nema shi ne a yi wa allolin gari hadaya, a girmama sarki, domin a ganinsu zaman lafiyar ƙasa ya dogara ga haka. Kirista kuwa ba zai yi ba. Bayan gobarar birnin Rum ta shekara ta 64, sarki Niro ya ɗora musu laifin ya kashe da yawa, amma abin bai wuce birnin ba.

Wasiƙar da Filini, gwamnan lardin Bitiniya da ke cikin Turkiyya ta yau, ya aika wa sarki Tarajan wajen shekara ta 112 ta nuna yadda shari'ar take gudana. Yakan tambayi wanda ake tuhuma har sau uku ko shi Kirista ne. Wanda ya musa, sai a sa shi ya kira sunan alloli, ya zuba turare da ruwan inabi a gaban siffar sarki, ya zagi Almasihu, sannan a sallame shi. Wanda ya dage, a kashe shi, in kuwa yana da 'yancin ɗan ƙasar Rum a tura shi babban birni. Tarajan ya amsa cewa kada a shiga farautarsu, kada kuma a karɓi ƙarar da ba ta da sunan mai ita. Wannan ya sa tsanani ya riƙa zuwa jefi-jefi, gwargwadon halin gwamna da fushin mutanen gari.

A shekara ta 250 sarki Desiyus ya sauya salo: kowa sai ya yi hadaya a gaban jami'ai ya karɓi takardar shaida. An samu irin waɗannan takardu a Masar. Kiristoci da dama sun yi hadayar, wasu sun sayi takardar da kuɗi, kuma maganar ko za a sake karɓarsu ta raba kan ikilisiya a Rum da Kartaj ta Arewacin Afirka.

Abin da ya riƙe su

Tsari ne. Kowane gari yana da bishop guda, wato shugaban ikilisiya, da dattawa da dikinoni masu hidima, kuma ikilisiyoyi suna musayar wasiƙu da baƙi. Bishop Karniliyus na Rum ya rubuta a wajen shekara ta 251 cewa ikilisiyarsa tana da dattawa 46 da dikinoni 7, tana kuma ciyar da gwauraye mata da mabukata fiye da 1,500. Lokacin annobar da ta ɓarke a waɗannan shekaru, an san Kiristoci da jinyar marasa lafiya da binne gawa. Ga talakan birni marar dangi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Daga tsanani zuwa fada

Tsanani mafi muni ya fara a 303 a ƙarƙashin sarki Diyokilishiyan: aka rushe coci-coci, aka ƙone littattafai. Bai yi nasara ba, sarki Galeriyus ya janye shi a 311. Sarki Konstantin ya ci yaƙin gadar Milbiya kusa da birnin Rum a 312, ya danganta nasarar ga Allahn Kiristoci, a 313 kuma shi da takwaransa sarki Lisiniyus suka amince a Milan da 'yancin addini tare da mayar da dukiyar da aka ƙwace. Konstantin ne ya kira taron bishop-bishop a Nikiya a 325 don warware saɓani kan matsayin Almasihu. Sarki Juliyan ya yi ƙoƙarin farfaɗo da bautar alloli tsakanin 361 da 363, sai mutuwa ta katse shi a fagen yaƙi da Farisa. A 380 sarki Tiyodosiyus ya ayyana aƙidar da aka tsayar a taron Nikiya a matsayin addinin daular, ko da yake a ƙauyuka tsohuwar bauta ta ci gaba har tsawon ƙarnoni.