Waiwaye: Yuraniyom na Nijar da Shekarun da Farashi Ya Karye

Tun da aka janye wa kamfanin Orano na Faransa lasisin haƙar yuraniyom a Imuraren a watan Yunin 2024, sannan bayan shekara guda aka sanar da mayar da kamfanin Somaïr, mai haƙar yuraniyom a Arlit, hannun ƙasa, muhawara a kan yuraniyom na Nijar ta koma kan tambaya ɗaya: wa ya kamata ya mallaki arzikin, kuma nawa ne rabon ƙasa a ciki. Tambayar tana da nauyi, kuma 'yan ƙasa suna da haƙƙin yin ta. Sai dai wanda ya fara karanta labarin daga juyin mulkin 2023 zai ɗauka cewa rabo kaɗai ne matsalar, alhali akwai wata da ta riga ta tsufa, wato abin da ke samun ƙasa idan farashin abin da take sayarwa ya karye.

Farkon labarin sananne ne. An gano yuraniyom a Azelik a 1957, aka fara haƙa a Arlit a 1971, mahaƙar ƙarƙashin ƙasa ta Akuta kuma ta bi baya a 1978. A daidai wannan tsakani fari ya durƙusar da noman gyaɗa, wadda ita ce ke kawo wa ƙasar kuɗin waje daga yankunan Maraɗi da Damagaram. Bayan tashin farashin mai na 1973, ƙasashe masu masana'antu suka karkata ga lantarkin nukiliya, laba ɗaya ta yuraniyom, wadda ba ta cika rabin kilo ba, ta tashi daga ƙasa da dala 10 zuwa sama da dala 40 kafin 1978.

Shekarun da ba a cika tsayawa a kansu ba su ne 1979 zuwa 1983, kuma a ganina a nan aka ɗaura ƙullin da har yau ba a kwance ba. A ƙarshen shekarun 1970 yuraniyom ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na abin da Nijar ke fitarwa. Da kuɗinsa, da kuma bashin da aka ci bisa tsammanin kuɗinsa, aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit, aka gina tashar lantarki mai aiki da kwal kusa da Cirozerin, aka ɗaga manyan gine-gine a Yamai, aka ɗauki ma'aikata. Ba ayyukan banza ba ne, ƙasar tana bukatarsu, kuma masana a ko'ina a lokacin sun yi hasashen cewa bukatar yuraniyom za ta ci gaba da hauhawa. Bankunan waje ma a shirye suke su ba da rance, domin suna cike da kuɗin mai.

A watan Maris na 1979 aka yi haɗari a tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka. Dama kamfanonin lantarki sun fara ja da baya saboda tsadar gini da raguwar bukatar wuta, haɗarin ya ƙara musu hujja, aka soke tashoshi da dama da ake shirin ginawa. Waɗanda suka tara yuraniyom don tashoshin da ba a gina ba suka fito da shi kasuwa, farashi ya kama hanyar gangara wadda ta kai shi ƙasa da dala 10 a ƙarshen shekarun 1980. A lokaci guda kuɗin ruwa ya yi tashin gwauron zabi a Amurka, dala ta yi tsada, bashin da aka ci da arha ya yi nauyi. Haƙar Nijar ta kai ƙololuwarta ta wancan zamani a 1981 da sama da tan 4,000, daga nan ta ragu. Kuɗin shiga na iya faɗuwa cikin shekara guda, amma albashi da biyan bashi da gyaran hanya ba sa bin farashi ƙasa. A 1983 ƙasar ta nemi tallafin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, fari mai tsanani ya sauka a 1984, tsuke bakin aljihu ya biyo baya, kuma shekarun 1990 suka zo da jinkirin albashi da yajin aiki da karya darajar sefa a 1994.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda zagaye na biyu ya bi sawun na farko. A tsakiyar 2007 laba ta haura dala 130, aka raba lasisin bincike da yawa a jihar Agadas, aka sake ɗora buri a kan Imuraren, wanda aka gano tun 1966. Haɗarin Fukushima na Japan a 2011 ya sake karya kasuwa, aka dakatar da aikin Imuraren a 2014, mahaƙar Azelik ma ta tsaya. Kamfani yana iya jingine rami ya jira farashi, ko ya koma wata ƙasa inda haƙa ta fi araha. Garin da aka gina a bakin ramin ba shi da wannan zaɓi. Da aka rufe Akuta a ƙarshen Maris na 2021, ma'aikata ɗaruruwa suka rasa aiki, mai shago da direba da mai sayar da abinci a Akokan, garin da ke bakin mahaƙar, suka rasa masu saye, ga tulin dusar ma'adini a bayan gari wadda kula da ita aikin shekaru ne.

A farkon 2024 laba ta sake haura dala 100. Duk wanda ramin yake hannunsa, gangunan yuraniyom da aka tace ya zama gari mai ruwan rawaya za su ci gaba da tafiya kasuwar da ba a Yamai ake yanke farashinta ba, kuma har yanzu muhawarar ba ta kai ga batun nawa za a ajiye gefe daga kuɗin shekarar albarka, da kuma farashin da za a ɗora kasafi da rance a kansa ba.