Gyaran banɗaki mai bututu a cikin bango

Banɗaki mai ɓoyayyen bututu shi ne wanda aka binne hanyoyin ruwansa a cikin bango da ƙarƙashin daɓe, aka bi su da filasta da tayil, har mai shiga ba ya ganin komai sai kan famfo da shawa da kwanon wanke hannu da wurin zama. Masu aikin famfo kan kira wannan tsari kondit, wanda kuwa aka bi da shi a fili ta jikin bango su ce masa safes. Bambancin gyaransu ɗaya ne, amma babba: a kondit ba a ganin abin da ya lalace, sai an fasa mai lafiya kafin a kai ga marar lafiya. Sau da yawa guntun bututun da aka canja bai kai kuɗin kwalin tayil guda ba, amma fasawa da mayarwa su ci ninkin ba ninkin haka.

Yadda ya shigo gidajen Sakkwato

A tsohon tsarin gida makewayi can ƙurya yake, nesa da ɗakunan kwana. Salga na gefe, wurin wanka na gefe, a shiga da ruwa a bokiti, wanda aka zubar ya bi rariya ya fita kwata. Babu bututu balle a ɓoye shi. Da ruwan famfo ya shigo gari, bututun ƙarfe aka riƙa ja ta jikin katanga zuwa famfo guda a tsakar gida. Banɗakin cikin ɗaki ya fara ne daga gidajen gwamnati da na manyan ma'aikata, sannan ya bazu. Yau a sababbin gine-ginen Arkilla da Bado da Mabera kusan kowane ɗakin kwana ana yanka masa nasa.

Ba don ƙawa kaɗai ake binnewa ba. A watan Afrilu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, kuma rana tana cin roba: bututun da ya yi 'yan shekaru a fili sai ya koɗe, ya bushe, ƙaramin bugu ya tsaga shi kamar tsohuwar ƙwarya. Na cikin bango ya tsira daga rana da akuya da ƙiriniyar yara. Abin da bai tsira daga gare shi ba shi ne aikin gaggawa.

Nau'o'in bututu

Bututun ƙarfe shi aka fi samu a tsofaffin gidaje. Daga ciki tsatsa take cinsa, ta toshe hanyar ruwa sannu a hankali, daga baya ta huda shi a wurin zaren da ake murɗa mahaɗa. Jan ruwa da safe in an buɗe famfo alamarsa ke nan. PVC, bututun roba wanda ake haɗawa da gam, ya maye gurbinsa saboda araha, sai dai na ruwan sanyi ne. In zafi ya wuce digiri 60 laushi yake yi, mahaɗarsa ta saki. Wanda ya fi dacewa da binnewa shi ne PPR, wani bututun roba, galibi kore, wanda ake narka bakinsa da na'ura mai zafin kusan digiri 260 a cusa a mahaɗa su zama jiki guda. Yana ɗaukar ruwan zafi, ba ya tsatsa. Nasa aibin a hannun ma'aikaci yake: in an bar shi ya narke fiye da kima, robar kan naɗe ta ciki ta tsuke hanya, kuma daga waje ba mai ganewa. Yana kuma miƙewa da zafi. Bututun mita 10, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, yakan ƙara tsawon santimita 4 da rabi, don haka layin ruwan zafi ake naɗe shi da soso ko a zura shi cikin wani bututun kafin a rufe, ya samu wurin motsi.

Girman da aka saba shi ne rabin inci zuwa kowane famfo, inci uku bisa huɗu ko inci 1 ga layin da ya sauko daga tanki. Wannan yana da muhimmanci a garin da yawancin gidaje da tanki suke sha, ko ruwan na Hukumar Ruwa ne da take ja daga kogin Rima, ko na burtsatse, ko na motar tanka. Ƙarfin ruwan tanki daga tsayinsa yake zuwa: kowace mita 10 tana ba da matsin da ma'auni ke kira "bar" guda. Tankin da ke kan ƙarfe mai mita 5 bai kai ya ba shawa rabin haka ba, tunda ita ma shawar mita 2 take daga ƙasa. Nan ne mai gida kan sayo faffaɗar shawa irin ta otal, ya ga ruwa na ɗiga kamar hawaye, sai ya sa a ɗaura injin ƙara ƙarfi. Bayan 'yan makonni bango ya jiƙe. Mahaɗar da ta yi shekaru tana lallaɓawa da ruwan tanki ba ta iya ɗaukar ninkinsa huɗu ko biyar.

Gano inda ruwa ke fita

Da wuya yoyo ya fara nuna kansa a cikin banɗakin, domin tayil ya rufe. Ta bayan bangon yake ɓullowa: fenti ya kumbura a ɗakin kwana, kanwa ta fito fari-fari a gindin bango, bayan kabad ya yi funfuna, ɗaki ya riƙa warin danshi. Yanayin Sakkwato yana taimaka wa mai bincike ta wani gefen, ya ruɗe shi ta wani. Bangon da ya jiƙe a watan Maris ba za a ɗora wa ruwan sama ba. Amma iskar hunturu tana busar da ƙaramin yoyo kafin ya yi tabo, sai dai farin gishirin da ya bari. Da damina kuwa danshin da ke hawowa daga ƙasa kan yi kama da yoyo, a fasa bango a banza.

Ruwan daga ɗayan wuri uku yake. In bututun da ke kawo ruwa ne, wurin ba ya bushewa dare da rana, ko an yi wanka ko ba a yi ba. In na fitar da ruwa ne, ko kuwa ruwa ne ke ratsa tsakanin tayil, sai bayan an yi amfani da banɗakin danshin ke ƙaruwa. Gwajin farko ba ya cin ko kwabo: a cika tanki da dare, a rufe duk famfunan gida, a ja layi da alli daidai inda ruwa ya tsaya, a duba da asuba. In ya sauka, a fara leƙa tankin mazauni, wato ƙaramin tankin wurin zaman bahaya, domin shi ne ɓarawon da aka fi kamawa, robarsa ta saki yana tsiyayar da ruwa shiru. In ba shi ba ne, sai a riƙa rufe layi ɗaya-ɗaya kowane dare har a ware mai laifin. Don gwada daɓe kuwa, a toshe magudana, a tara ruwa kamar tsayin yatsa, a bar shi ya kwana.

Raunin ruwa shi kaɗai ba hujjar fasa bango ba ce. Ƙasar yankin tana da dutsen farar ƙasa, irin wanda kamfanin siminti yake haƙa a Kalambaina, kuma ruwan da ya ratsa irin wannan dutse kan bar farin ɓawo a ramukan shawa da ragar bakin famfo. A kwance su a jiƙa a ruwan lemon tsami tukuna. Mai aikin da bai taɓa komai ba ya ce "Alhaji, sai mun fasa," a nemi wani ya duba.

Fasawa da shimfiɗa sabon layi

Ana rufe ruwa, a kashe wutar ɗakin, domin wayar lantarki ma a bango take. Tayil ɗin da za a cire ana fara yanke kewayensa da injin yanka, a huda tsakiya, a farfasa daga ciki zuwa baki. Wanda ya sa guduma kai tsaye zai cire guda ya tsaga uku. Da an kai ga bututun sai a yanke shawara, faci ko canji. In PPR ne ƙusa ta huda, a yanke wurin a sa mahaɗa, an gama. In ƙarfe ne, faci ɓata kuɗi ne, domin tsatsar da ta ci nan tana can tana cin gaba. Akwai hanya ta uku da ta fi sauƙi a banɗakin da ke jikin bangon waje: a toshe tsohon layin a bar shi inda yake, a ja sabo ta bayan gida, a huda bango daidai kowane famfo. Ciki ya zauna tsaf, gyaran gobe kuma ba sai an taɓa tayil ba. Sai dai a rufe na wajen ko a shafe shi da fenti saboda rana.

Ramin da ake yankawa a bango yana da iyaka. Ƙa'idar da aka gada daga ginin Ingila ita ce na tsaye kada zurfinsa ya wuce kashi ɗaya bisa uku na kaurin bango, na kwance kashi ɗaya bisa shida. A bulo mai inci 6 mai rami a ciki, dogon yanka a kwance raunana bangon yake yi. Ginshiƙi da linta ba a taɓa su ko kaɗan. Bututu ya tafi a miƙe, sama ko gefe, kada ya yi karkace, yadda mai kafa madubi gobe zai iya lissafin inda yake. Bakin zaren da famfo zai hau a fito da shi daidai fuskar tayil, a tuna filasta da gam da tayil za su ƙara santimita 2 zuwa 3. Famfo mai haɗa zafi da sanyi tazarar bakunansa santimita 15 ce, zafi a hagu. Kowane banɗaki a ba shi makullin ruwansa a inda hannu ke kaiwa.

Sai gwaji, kuma nan ne mafi yawan aikin kondit ke mutuwa. Birkila na tsaye da kwaɓaɓɓen siminti, mai tayil na da wani aikin gobe, mai gida na son a gama kafin biki, sai a rufe bututun da ruwa bai taɓa ratsawa ba. Daidai shi ne a toshe duk bakuna, a cika layin, a fitar da iska, a matsa shi da famfon gwaji, wato na'urar tura ruwa, har ninki ɗaya da rabi na ƙarfin da zai yi aiki da shi, a zuba wa allurar ma'auni ido. In ta sauka, akwai inda ke zuba. Inda babu famfon gwaji, a bar layin cike da ruwa kwana guda, a bi kowace mahaɗa da busasshen tsumma. Kafin a rufe a ɗauki hoton kowane bango da waya, da tef ɗin awo a jikinsa.

Daɓe da magudana

Tayil ba ya hana ruwa. Ta tsakaninsa ruwan ke bi ya kwanta a ƙasa. Banɗakin Bahaushe kuwa ba ya bushewa, ga wanka, ga tsarki da buta, ga alwala sau biyar. Saboda haka ake shafa maganin hana ruwa a daɓe kafin tayil, a hau da shi bango kamar santimita 15, a wurin shawa har kusan mita 1.8, a kula da kusurwoyi da inda bututu ya huda. A gidan sama wannan dole ne. Daɓen ya gangara zuwa magudana da santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ya kuma ɗan yi ƙasa da na ɗaki. Sabon siminti yana son a riƙa yayyafa masa ruwa na mako guda. A bazarar Sakkwato in an bar shi ya bushe a yini ɗaya tsagewa zai yi. Tayil ɗin ƙasa a zaɓi mai kaushi saboda tsofaffi, a kuma ajiye rarar kwali guda, domin launin da aka saya bana da ƙyar a same shi a kasuwa baɗi.

Bututun mazauni inci 4 ne, na magudanar daɓe inci 2, kuma gangarar santimita 2 da rabi a mita ta isa. Kowace magudana tana da lanƙwasa mai riƙe ɗan ruwa, dabarar da Alexander Cumming ya yi wa rajista a Landan a 1775, kuma wannan ruwan ne ke tare warin sokawe da kyankyasai. A banɗakin baƙi da ba a shiga, rani kan shanye shi, ɗaki ya ɗauki wari a yi ta zargin bututu, alhali buta guda ta ruwa ce maganin. Sokawe kuma a nisanta shi da rijiya ko burtsatse, mita 30 in fili ya ba da dama.

Hita da mazauni

Watanni kaɗan na hunturu ake buƙatar hita, wato na'urar ɗumama ruwa, a Sakkwato; da bazara ruwan tanki da kansa yake zafi, har wasu su tara na wanka a bokiti ya huce. Duk da haka ita ce abu mafi haɗari a ɗakin. Dole ta samu wayar ƙasa, da na'urar yanke wuta mai miliyamfa 30, makunninta a waje, bawul ɗinta na rage matsi kuma kada a toshe shi don yana ɗiga. Aikinsa ke nan.

Tankin mazauni da ake binnewa a bango, wanda kamfanin Geberit na Suwizalan ya fito da shi a 1964, ya fara shiga manyan gidaje. Ta bayan farantin dannawa ake gyara shi, ba a fasa komai, muddin ana samun kayan cikinsa a gari. Wanda ba a san mai sayar da robarsa ba gara a haƙura da shi. Canja wa mazauni wuri kuwa shi ne aiki mafi tsada, tunda sai an tone daɓe an ja sabon bututun inci 4. Wasu don alƙibla suke yi. Malikawa sun sauƙaƙa fuskantarta ko ba ta baya a cikin gini, amma masu gida da yawa sun fi natsuwa da a kauce. Daga Sakkwato alƙibla gabas take, ta ɗan karkata arewa, don haka mazaunin da ya dubi kudu ko arewa shi ake zaɓa, kuma tun kafin a zuba daɓe ake auna shi.