Mene ne "mintuna bakwai na fargaba"?

Duk lokacin da kumbo zai sauka a duniyar Mars, sai ka ji masana na ambaton "mintuna bakwai na fargaba". Injiniyoyin hukumar NASA ta Amurka ne suka yaɗa wannan furuci a 2012, gab da saukar motar bincike Curiosity. Ana nufin ɗan lokacin da ke tsakanin shigar kumbo cikin iskar Mars da taɓa ƙasarta.

Kumbon yakan iso da gudun kusan kilomita 20,000 a awa ɗaya, kuma dole ya tsaya cak cikin waɗannan mintuna. Matsin iskar Mars kuwa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na namu ba. Tana iya babbaka kumbon, amma ba ta da kaurin da za ta tsayar da shi. Don haka garkuwar gabansa ce ke fara shan zafin da ya kai digiri 1,300, sannan ƙatuwar lema mai faɗin mita 21 da rabi ta buɗe, daga nan rokoki su karɓa. A ƙarshe wani inji mai shawagi ya zuro motar da igiyoyi kamar guga a rijiya. Tayoyinta na taɓa ƙasa sai igiyoyin su tsinke, injin ya yi gefe ya faɗi can nesa. Haka wata motar binciken NASA, Perseverance, mai nauyin sama da tan ɗaya, ta sauka ranar 18 ga Fabrairu, 2021.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne nisan. A ranar, saƙo na ɗaukar minti 11 kafin ya iso daga Mars. Ke nan sa'ad da injiniyoyi a Kalifoniya suka ji kumbon ya shiga iska, an riga an gama komai, ko lafiya ko tarwatse. Aikin shekaru yana hannun kwamfuta, su nasu ido da addu'a. A 2016 kwamfutar kumbon Turai, Schiaparelli, ta zaci an riga an sauka, ta saki lema da wuri, ya rikito.

Me ya kai su wannan kasada? Kwarin Jezero, inda Perseverance ta sauka, tafki ne shekaru fiye da biliyan uku da suka wuce, har yanzu ga sawun kogin da ke zuba cikinsa. A busasshen lakarsa ake tonon alamar ko wani abu mai rai ya taɓa zama a wurin.